Kafin mu ajiye kwaɗo: jawabin kwamitin kula da situna kan makullan lantarki



Mai girma shugaban ƙungiya, iyayenmu dattawan kasuwa, malamanmu, alhazai da hajiyoyi, baƙinmu da suka keto iyaka tun da asuba daga Kano da Katsina da Jibiya, da waɗanda suka taso daga Damagaram da Ƙonni, da masu masaukinmu na nan Maraɗi, muna yi wa kowa barka da zuwa, barka da ganin wannan rana. Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, ya ƙara wa na raye lafiya da nisan kwana.

Da aka ce kwamitin kula da situna zai yi magana a wannan biki, wasu sun zaci za mu zo da batun kuɗin fito ko shingayen hanya. Waɗannan akwai masu su, suna tafe bayanmu. Mu maganar ƙofa muka kawo. A 'yan shekarun nan makullan lantarki sun shigo mana da ƙarfi: mai lamba, mai kati, mai karanta yatsa, mai buɗewa da salula. Wasunmu su ne ma masu shigo da su daga Dubai da Sin, wasu kuma sun saya sun saka a situna da ofisoshi da gidaje. Ƙorafe-ƙorafen da suka biyo baya gaban kwamitinmu suke zuwa, shi ya sa muka ga ya dace mu faɗi abin da muka koya, tun kafin wanda bai saya ba ya saya.

Iyayenmu fatake idan suka sauka a gari, fatoma suke miƙa wa kaya. Shi ne sito, shi ne makulli, shi ne shaida. Daga baya muka mallaki situnanmu, kwaɗo ya karɓi aikin, amma damuwar tana nan yadda take: mai kaya yana wancan gefen iyaka, kayansa suna wannan gefen. Lokacin da aka rufe iyakokin Nijeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufewar da ta biyo bayan Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, da yawanmu mun yi watanni ba mu ga ƙofar sitonmu ido da ido ba. Makulli yana hannun yaro, ko ƙani, ko maƙwabci. Wa ya san guda nawa aka yanka? Ka sallami yaro, ya miƙo maka makulli ɗaya, ba ka san ko akwai na biyu a aljihunsa ba. Sai ka canza kwaɗo huɗu, ka sake raba makullai, bayan wata shida a koma gidan jiya.

A nan makullin lantarki yake da amfani na gaskiya, kuma amfanin biyu ne. Za ka iya cire mutum ɗaya ba tare da ka canza wa kowa makulli ba, kuma za ka iya sanin wa ya buɗe, da ƙarfe nawa. Iyakarsa ke nan. Ba ya ƙara wa ƙyaure kauri, ba ya gyara hinjin da ya yi tsatsa, ba ya hana a fasa bango ko a ɗaga kwanon rufi. Wanda ya saka makullin dubban ɗaruruwa a ƙyauren da yaro zai iya lanƙwasawa da rodi, ado ya saya.

To, ga tambayar da muke so kowa ya tafi da ita wurin mai sayarwa. Shi zai nuna maka yadda abin yake aiki a shagonsa, ga wuta, ga sanyi, ga intanet. Kai kuma ka ce masa: Malam, ranar da babu wuta fa, me ƙofar za ta yi?

Mutanen wannan gefen ba sa buƙatar a tuna musu. A farkon Agustan 2023 aka yanke wutar da ke zuwa Nijar daga Nijeriya, wadda ita ce kaso mafi yawa na wutar da ƙasar ke amfani da ita, ba a maido ba sai a Maris na 2024. Mutanen wancan gefen kuwa, ɗaukewar wuta abokiyar zama ce. Saboda haka a wurinmu rashin wuta ba hatsari ba ne da zai zo sau ɗaya a shekara. Shi ne yanayin da makullin zai rayu a ciki.

Makullan lantarki duk yawansu kashi biyu ne a kan wannan tambaya. Akwai mai saki: wuta ce ke riƙe da shi a kulle, tana ɗaukewa ya buɗe. Akwai mai riƙewa: yana kulle da kansa, wuta ce ke buɗe shi, idan babu ita yana nan a kulle. Kowanne da wurinsa, kuma mafi yawan asarar da aka kawo mana daga saka ɗaya a wurin ɗaya ta fito.

Shugaban masu saki shi ne makullin maganaɗisu, wancan dogon ƙarfe da ake ɗaurawa a saman firam, da faranti a jikin ƙyaure. Masu sayarwa suna son sa, don yana da sauƙin ɗaurawa, ba abin da ke motsi a cikinsa balle ya karye, kuma yana burge mai saye: a ce maka ja mu gani, ka ja iya ƙarfinka bai motsa ba. Ƙaramin yana riƙe nauyin kilo kusan 280, babban kusan 540. Amma duk wannan ƙarfi na aro ne. Ƙaramin yana shan kusan rabin amfiya a kan bolt 12, wato wat 6, dare da rana ba hutu. Akan haɗa shi da batir mai lamba 12V 7Ah a cikin akwatin wutarsa. Ku yi lissafi: 7 a raba da rabi, awa 14 ke nan a takarda. Ka ƙara abin da na'urar karanta kati take sha, ka cire abin da batir ba ya iya bayarwa har ƙarshe, da wuya ka wuce awa 8 zuwa 10, shi ma yana sabo. Kuma irin wannan batir ba ya shiri da zafi. An ƙera shi ne don ya zauna a yanayi mai ma'aunin zafi 25, duk ƙarin 8 zuwa 10 a kan haka yana rage masa kusan rabin rayuwa. Ku tuna yadda cikin sito mai rufin kwano yake a watan Afrilu da Mayu, lokacin da inuwa ma ta haura 40. Batirin da aka ce zai yi shekara huɗu, a nan kada ka yi mamaki idan bai ga bazara ta biyu ba.

Wani ɗan'uwanmu da ke cikin wannan zaure, ya ba mu izinin faɗin labarin amma ba sunansa ba, ya saka irin wannan a mangazarsa ta atamfa, ya cire kwaɗunan da ke kai don ya ga an ci gaba. Ranar Alhamis da yamma wuta ta tafi, ranar Juma'a ba a fito kasuwa da wuri ba. Da yaransa suka iso, iska ce ke wasa da ƙyaure. Allah ya tsare, ba wanda ya lura, bai rasa ko turmi ɗaya ba. Amma mangaza ta kwana a buɗe, kuma wanda ya ɗaura masa bai taɓa gaya masa haka abin yake ba. Da muka kira shi, cewa ya yi ai ba a tambaye shi ba.

Akwai wani abu kuma game da maganaɗisu. Ƙarfinsa yana cika ne idan fuskokin biyu suka haɗu daram. Tazarar da ba ta wuce kaurin kati ba tana zubar da kaso mai yawa na wannan ƙarfi. Ƙyamaren da masu walda ke yi mana kuwa suna saki, suna karkacewa da zafi, ga ƙurar hunturu da ke kwanciya a fuskar ƙarfen. Sai ka ga makullin da aka rubuta wa 280 ƙato ɗaya ya buɗe shi da kafaɗa. Ra'ayinmu a taƙaice: maganaɗisu na ƙofar ciki ne, ta ofis ko ta tsakanin shago da sito, inda ake shige da fice da rana. Idan dare ya yi, a mayar da sakata da kwaɗo. Kada ya zama shi kaɗai ke tsaron dukiya.

Daga cikin masu riƙewa akwai wanda muke kira gidan harshe mai lantarki. Kun san ramin ƙarfen da ke jikin firam, inda harshen kuba ke shiga. Shi ake canzawa da wani mai ɗan leɓe da ke sakin harshen idan wuta ta taɓa shi. Kubarka tana nan, makullinka na hannu yana aiki, hannun ƙofa na ciki yana buɗewa kamar kullum. Wuta kuwa ta 'yan daƙiƙoƙin buɗewa kawai yake sha, saboda haka batir ɗaya yana kai shi nesa. A lura dai, irinsa ma akwai mai saki, wani ma ana juya shi da noti ɗaya daga wannan hali zuwa wancan, don haka a tambaya, a gwada. Rauninsa shi ne ba ya son matsi. Idan ƙyaure ya karkace yana danne harshen, sai ka ji yana ƙara amma bai saki ba, sai ka tura ƙofar ciki tukuna. Kuma ƙarfinsa bai wuce ƙarfin harshen kubar da ke shiga cikinsa ba.

Yanzu wani zai ce, ai shi ke nan, mu sayi mai riƙewa mu huta. A nan ne muke so a saurare mu da kyau, don wannan ɓangaren ba na dukiya ba ne, na rai ne.

Mun san gobara. Babbar kasuwar Yamai ta ƙone a 1982. Kasuwar Sabon Gari ta Kano ta ƙone a Maris na 2016, babbar kasuwar Katsina a Maris na 2021. A gobara abin da ke fara tafiya shi ne wuta, ko dai wayoyi sun narke ko an kashe ta da gangan. Idan ƙofarka mai riƙewa ce, kuma hanyar fita daga ciki ita ma maɓallin lantarki ce, to duk wanda ke ciki ka rufe shi a akurki. Mu faɗa wa juna gaskiya, situnanmu ba kaya kaɗai ke kwana a ciki ba. Maigadi yana kwana, yaran mota suna kwana, ɗan dako da dare ya yi masa yana kwana. Gidajenmu kuwa kowace taga an yi mata ƙarfe saboda ɓarayi, ƙofa ɗaya ce mafita, ga yara ga tsofaffi.

Ƙa'idar da muke roƙon kowa ya riƙe ita ce: shiga a tsananta, fita a sauƙaƙa. Duk ɗakin da mutum zai iya kasancewa a ciki, dole ya iya fita da hannunsa, a cikin duhu da hayaƙi, ba lamba, ba kati, ba yatsa, ba wuta. Ya murɗa hannun ƙofa ko ya zare sakata, ya fita. Idan maganaɗisu ne, ban da maɓallin fita na yau da kullum, a saka ɗan koren akwatin nan na gaggawa wanda ake fasawa ko dannawa, kuma a haɗa shi yadda zai yanke wutar makullin kai tsaye, ba ya aika wa na'ura saƙo ta yi tunani ba. Na'ura tana iya sumewa. Mun ga ana sayar da wasu kubobi masu karanta yatsa ciki da waje, ana cewa don kada ɓarawo ya zura hannu ta tsakanin ƙarafa ya buɗe. Ga ƙofar gareji ko ta fili, wataƙila. Ga ɗakin kwana ko sito mai maigadi a ciki, ba mu yarda ba. Da a sace buhu ɗari gara a sace, da a ce yaron wani ya mutu a bayan ƙofarka yana danna allo.

Ga gidaje da ƙananan ofisoshi, abin da ya fi yawa yanzu shi ne kuba mai batirin kanta, wadda ba ruwanta da wutar gari. Yawanci tana cin ƙananan batura huɗu masu lamba AA, tana yin watanni, tana kuma yin kuka idan sun kusa ƙarewa. Wannan ta fi dacewa da halinmu, amma tana da sharuɗɗa. Batir mai alkalin take so, ba na tocila mai araha ba, wanda zai mutu a sati uku ko ya tsiyaye ya cinye mata ciki. A canza su duka huɗu tare, a kan lokaci, misali kowace sallah, kada a jira kuka. A duba kafin saye cewa tana da wurin ba ta wutar gaggawa daga waje, ko da batir mai bolt 9 ko da wayar caji, kuma tana da ramin makullin hannu. Sannan wannan makullin hannun, don Allah, kada a ajiye shi a cikin ɗakin da kubar ke kullewa. Kuna dariya, amma sau uku ana kiranmu a kan haka, ɗaya ma mai gidan yana Lome, iyalinsa suna tsakar gida. A kuma dubi ramin makullin da kyau, domin sau da yawa shi ne mafi rauni a jikin kubar: sama ga allo mai walƙiya, ƙasa ga makullin da bai fi na akwatin makaranta ba.

Sai batun yadda ƙofa za ta gane mutum. Lamba ta fi araha, ta fi saurin yaɗuwa. Wanda ke tsaye bayanka ya gani, yaro ya gaya wa abokinsa, ƙura ta nuna maɓallan huɗun da ake yawan taɓawa. Kuma da yawa ana barin su da lambar da suka zo da ita daga masana'anta, 1234 ko 123456, wadda ke rubuce a takardar kowane kwali. Idan lamba za a yi, kowa da tasa, ba ɗaya ga kowa ba, in ba haka ba an koma matsalar kwaɗo.

Kati ya fi lamba, amma ba kowane kati ba. Mafi yawan masu arahar nan, da 'yan shuɗayen maɓallan da ake ratayawa da makulli, na tsohon tsari ne mai lamba 125 kHz. Ba su da sirri ko kaɗan, lamba ɗaya suke faɗa wa duk na'urar da ta tambaye su, kuma akwai 'yar na'ura mai arha da ke kwafe su cikin daƙiƙoƙi. Yaro ya ari katinka ya je ya dawo, an gama. Na gaba da shi, MIFARE Classic, shi ma tun 2008 masu bincike a wata jami'a a ƙasar Holan suka nuna yadda ake fasa sirrinsa. Wanda zai tsare dukiya mai nauyi ya nemi MIFARE DESFire ko makamancinsa, ya kuma tabbatar an saita na'urar ta yi amfani da sirrin katin, ba lambar bayansa kawai ba. Ya fi tsada, amma araha ba ta ado.

Yatsa ba a aronsa, ba a mantuwa da shi a gida, shi ya sa alhazai ke son sa. Sai dai a tuna su wa za su dangwala. Hannun ɗan dako da ya shekara ashirin yana ɗaukar buhu ya shafe. Hannun da ya sha siminti ko manja ko gishiri haka. A hunturu fata tana bushewa ta tsage, bayan alwala hannu a jiƙe yake, hajiyoyi kuma ga lalle; duk wanda ya kai 'yarsa rajistar jarrabawa a Nijeriya ya ji ana gargaɗi a kan ƙunshi. A ofis mai mutum biyar abin yana tafiya. A ƙofar sito da ƙarfe shida na safe, mota tana jira, sai ka ga an jingine ƙofar da dutse don kowa ya gaji, kuma daga ranar makullin ya zama hoto. Idan za a yi yatsa, a yi wa kowa rajistar yatsu biyu ko uku daga hannu biyu, a haɗa masa da kati.

Ga wani abu da ba a gani sai an buɗe. A na'urori masu araha, allon lambar da ke waje shi ne kuma ƙwaƙwalwar, wayoyin da ke buɗe makulli a bayansa suke. Wanda ya san aikin zai kwance noti, ya ɗaga allon, ya haɗa waya biyu ko ya yanke ɗaya, ƙofa ta buɗe ba tare da ya san lambar kowa ba. Tsarin kirki yana raba su: mai karantawa a waje, ƙwaƙwalwa da batir a ciki cikin akwati mai kulle. Ku tambayi mai ɗaurawa: idan na cire wannan na waje, zan iya buɗewa? Ku dubi fuskarsa lokacin da yake amsawa. Abin da zai zauna a waje kuma ya kasance mai lamba IP65 ko sama. 6 ɗin tana nufin ƙura ba ta shiga, 5 ɗin tana nufin yana jure feshin ruwa. A yi masa 'yar rumfa, don ranar bazara tana kashe allo.

Mu zo kan abin da ya fi jan hankalinmu mu 'yan ƙetare, wato buɗe ƙofa daga nesa. Kana Kantin Kwari ka buɗe wa direba sito a Maraɗi, ka ga sunansa ya fito a salularka. Abu ne mai daɗi, kuma yana aiki, ranar da akwai sabis, ko rezo kamar yadda ake cewa a nan. A Satumbar 2021 an rufe layukan salula a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, har da Jibiya, aka ɗauki watanni. A Maris na 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace, ƙasashen yammacin Afirka da dama suka shiga wahala. Saboda haka makullin da ba ya buɗuwa sai ya tuntuɓi wata kwamfuta a wata ƙasa, ba namu ba ne. A nemi wanda ke ajiye sunayen mutanensa a cikinsa, ya yi aiki ko babu intanet. Akwai masu ba da lambar wucin gadi: ka fitar da ita a manhaja, ka karanta wa direba, ta yi aiki na awannin da ka ƙayyade ta mutu, kubar kuma ba ta buƙatar intanet don ta gane ta. Wannan ya fi mana amfani nesa ba kusa ba.

Amma wannan lambar, da rajistar shige da fice gaba ɗaya, a kan agogon kubar suke tafiya. Mu Nijar da Nijeriya agogonmu ɗaya ne, Sin kuwa tana gabanmu da awa 7. An taɓa kawo mana ƙarar wani yaron shago, maigidansa ya ga rajista ta nuna ya buɗe sito da ƙarfe 3 na dare, har sau da yawa. An kira mahaifinsa, an yi maganganu marasa daɗi, yaro yana rantsuwa yana kuka. Da muka duba, na'urar ba a taɓa saita mata lokaci ba, tana kan agogon inda aka ƙera ta. Ƙarfe 8 na dare yake shiga ya ajiye ragowar kaya, kamar yadda aka umarce shi. An ba shi haƙuri, amma bai koma wannan shagon ba. Rajistar na'ura ba shaidar da za a yanke wa mutum hukunci da ita ba ce sai an tabbatar da agogonta, kuma an tabbatar ba aron katinsa aka yi ba.

Sai babban makulli, wato asusun da ke iko da manhajar. Masu ɗaurawa da yawa suna yin rajistar kubar a salularsu don su gama da wuri, sannan su ƙara ka a matsayin baƙo a ƙofarka. Ba lallai da mugun nufi ba, amma ma'anarsa shi zai iya cire ka, kai ba za ka iya cire shi ba. Idan ya koma wani gari, ko salularsa ta ɓata, ko kuka ɓata, ka shiga uku. A goge kubar a gabanka, a yi rajista da lambarka, kai ka ƙara shi idan ana buƙata, ka cire shi idan ya gama. Kuma a zaɓi layin da ake amfani da shi kullum. Da yawanmu muna da layi biyu, na nan da na can, ɗaya yakan yi watanni a aljihu; layin da ya daɗe a kwance kamfani yana iya karɓewa ya ba wani, saƙon sabunta lambar sirrinka ya riƙa zuwa hannun wanda ba ka sani ba.

A nan za mu faɗi abin da ba a son ji a ranar biki. Muna bin hanya, kuma rai na Allah ne. A da idan mutum ya rasu, akan sami makullai a aljihunsa ko ƙarƙashin matashi. Yanzu makullin yana cikin kansa, ko cikin salular da ita ma a kulle take. Magada da masu bin bashi da masu ajiya su taru a ƙofa, sai an kira mai walda. Babbar lamba, da sunan asusu, da makullin hannu na biyu, a rubuta a sa a ambulan a manne, a ba amintattu biyu, ɗaya a kowane gefen iyaka, kamar yadda muke yi da takardun fili.

Ragowar ƙananan abubuwa ne, amma suna cin kuɗi. A auna kaurin ƙyaure da gefen da yake buɗewa kafin a yi oda, don kubar da aka yi wa ƙofar katako ba ta zama a ƙyauren ƙarfe sai an yi mata gida. Wutar ƙasashen biyu ɗaya ce, bolt 220 zuwa 230, amma soket ɗin ya bambanta, can mai ƙafa uku irin na Ingila, nan mai zagayayyun ƙafafu irin na Faransa. Kada a bar tsaron sito a kan adafta mai girgiɗi, a haɗa akwatin wutar kai tsaye da fis ɗinsa. Kayan da aka yi wa kasuwar Amurka na bolt 110 ne, a karanta kafin a jona. Abin da ya fi kashe waɗannan na'urori shi ne dawowar wuta da ƙarfi da sauyawa zuwa janareta, don haka a sa musu abin kariya, wanda ke da sola kuma ya ɗora su a kanta. Kuma a sayi irin da ake samun katinsa da kayan gyaransa a Kano ko Maraɗi, ba wanda aka ɗauko guda ɗaya tak a jaka ba.

Ranar da aka gama ɗaurawa, kada a biya cikon kuɗi sai an yi gwaji a gabanka. A kashe wuta, a ga abin da ƙofa ta yi. A cire batirin, a sake gani. A sa ƙaramin yaro a ciki, a kashe fitila, a ce ya fito. A goge kati ɗaya, a gwada shi. A dubi agogo. Duk wannan bai fi rabin awa ba.

Kwamitinmu yana roƙon shugabanni abu ɗaya: a ba mu izini, daga nan zuwa shigowar hunturu, mu zagaya situnan 'yan ƙungiya na gefen biyu waɗanda ake kwana a cikinsu, mu duba hanyar fita kawai, ba kaya ba. Wanda ke so a fara da nasa ya ba sakatare suna bayan an tashi. Wanda kuma ya riga ya saka maganaɗisu ya cire kwaɗo, muna roƙonsa ya mayar da kwaɗon yau, kafin ya kama hanya.

 Allah ya tsare mana dukiya da iyali, ya mai da kowa gidansa lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.